Dokar 1855 da jiragen da suka kwashi Sinawa zuwa ƙetare

Tambaya: Malam, ina karatun tarihin ƙwadago, sai na ci karo da wata doka da Ingila ta kafa a 1855 a kan jiragen ruwan da ke ɗaukar Sinawa zuwa ƙasashen waje. Tausayi ne ya sa aka yi ta, ko dai an canza wa tuwo suna ne, bauta ta koma kwantiragi? Kuma ta yi aiki kuwa?

Amsa: Ɗan'uwa, tambayar taka biyu ce, bari in fara da ta biyun a dunƙule. Dokar ta yi aiki a kan abin da ake iya aunawa: faɗin wurin kwanciya, yawan shinkafa, yawan ruwan sha. Ta gaza a kan abin da ya fi waɗannan duka nauyi, wato ko mutumin da ke kwance a wurin da yardarsa ya hau jirgin. Sannan ikonta iyakarsa inda tutar Ingila ta tsaya. Na daɗe ina koyar da wannan babi, kuma ban ga yadda za a fahimce shi ba sai an san irin kasuwar da dokar ta tarar tana ci.

Ingila ta haramta wa mutanenta fataucin bayi a 1807, ta soke bautar kanta a yawancin yankunan mulkinta a 1834, 'yan shekarun da aka tilasta wa 'yantattu su ci gaba da yi wa iyayengijinsu aiki kuma suka ƙare a 1838. Amma rake bai daina neman mai sara ba. Masu gonaki suka juya Indiya, daga baya suka juya ƙasar Sin. Kyuba, wadda ke hannun Sifaniya, ba ta soke bauta ba sai 1886, sai dai sintirin jiragen yaƙin Ingila a gaɓar Afirka ya sa bawa ya yi tsada. Peru ta soke tata a 1854, alhali tana da gonakin rake da auduga a bakin teku, ga kuma tsibiran Chincha, inda ake haƙar kashin tsuntsayen teku da ya taru shekaru aru-aru ana sayar wa Turai a matsayin taki. Aiki ne da ba mai yi da son ransa.

Kudancin Sin a lokacin yana cikin tsanani. Yaƙin Ofiyom na farko ya ƙare da yarjejeniyar Nankin ta 1842, wadda ta ba Ingila tsibirin Hong Kong, ta kuma buɗe tashoshi biyar ga baƙi, cikinsu har da Kanton da Amoy, wanda yau ake kira Xiamen. Tawayen Taiping ya biyo baya, faɗan al'ummomin Punti da Hakka ya cinye ƙauyuka a lardin Guangdong, waɗanda aka kama a faɗan ma wasu sayar da su aka yi. Ka riƙe wani abu a nan: a dokar daular Qing, mai mulkin Sin a lokacin, barin ƙasa laifi ne. Abin da hukuma ta ce bai halatta a yi ba, ba ta da hanyar tsara yadda za a yi shi. Saboda haka harkar ta faɗa hannun kamfanonin Turawa da dillalansu Sinawa, waɗanda ake biya a kan kowane kai da suka kawo. Mutanen Kanton sun yi wa sana'ar suna da ya dace da ita, suna ce mata sayar da 'ya'yan alade. Rumbunan da ake tsare mutane kafin jirgi ya cika kuwa, Turawa sun kira su da kalmar da suka saba kiran rumbunan bayi a gaɓar Afirka ta Yamma.

Jiragen farko zuwa Habana, babban birnin Kyuba, sun tashi daga Amoy a 1847, Peru ta fara karɓa a 1849. Takardar kwantiragin da ake ba mai zuwa Kyuba yawanci ta shekara 8 ce, a kan peso 4 a wata, kuma ana iya sayar da takardar ga wani mai gona. Wanda ya sayi takarda ya sayi mutum.

Kada ka haɗa waɗannan da wani rukunin matafiya, domin yawan ruɗanin da ake samu a wannan tarihi daga nan yake. Akwai masu zuwa neman zinariya Kalifoniya da Ostiraliya, da masu zuwa Singafo da Malaya. Waɗannan ko dai sun biya kuɗin jirgi da kansu, ko danginsu ko wani attajiri ya biya musu bashi su biya daga baya. A 1852 kaɗai kimanin Sinawa 20,000 suka sauka San Faransisko. Bashin yakan yi nauyi, ana kuma cutar wasu, amma sun san inda za su, kuma ba a sayar da su a bakin tasha. Dokar 1855 ta rufe rukunin biyu da mayafi ɗaya, shi ya sa sakamakonta ya bambanta ƙwarai tsakaninsu.

Me ya tilasta wa Landan motsi? Abin kunya ne da ya yi ta maimaituwa. A 1852 mutum 410 da ke cikin jirgin Amurka Robert Bowne suka yi bore bayan kyaftin ya sa an yanke musu tukkun gashinsu, abin da yake babban wulaƙanci a wurinsu, suka kashe shi, jirgin ya ƙare a tsibirin Ishigaki. A watan Nuwamban shekarar, mutanen Amoy suka fito kan titi saboda satar mutane, bayan wani ɗan kasuwa Bature, Francis Syme, ya je ya ƙwato dillalinsa daga hannun hukumar garin. Sojojin ruwan Ingila suka yi harbi, aka kashe mutane. Jami'an Ingila suka gane cewa wannan sana'a tana barazana ga cinikin shayi da siliki, kuma ƙasar da ke tutiyar ita ce ta kashe fataucin bayi ba za ta iya bari a ga jiragenta cike da mutanen sata ba. To ka ga amsar tambayarka ta farko ta fara fitowa. Akwai tausayi na gaske a zukatan wasu, musamman 'yan gwagwarmayar yaƙi da bauta da suka hana majalisa sakat. Akwai kare suna. Akwai kuma buƙata, domin Ingila da kanta tana son leburorin Sin a gonakin Giyana da Tirinidad, tana kuma son a ce tata hanyar mai tsabta ce. Ba a yi dokar don a kashe kasuwar ba. An yi ta don a tsaftace ta.

Majalisar Ingila ta zartar da ita a watan Agustan 1855, ta fara aiki farkon 1856, lokacin Sir John Bowring yana gwamnan Hong Kong. Ka lura da yadda ta fayyace jirgin da ta shafa, domin a nan komai yake. Jirgi iri biyu ne: kowane jirgi, ko na wace ƙasa, da ya tashi daga Hong Kong, da kuma jirgin Ingila da ya tashi daga kowace tashar Sin ko cikin mil 100 daga gaɓarta, muddin yana ɗauke da fasinja 'yan Asiya fiye da 20. Ƙa'idojin suna hawa kan tafiyar da ta wuce kwana 7. Irin wannan jirgi ba zai ɗaga ba sai jami'in kula da masu fita ƙasa ya duba shi ya ba da takardar shaida, kyaftin kuma ya sa hannu kan lamunin fam 1,000 tare da masu tsaya masa. Jirgin da aka kama ba takardu ana iya ƙwace shi.

Abin da jami'in zai duba an rubuta shi dalla-dalla. Jirgi ya zama lafiyayye, da isassun ma'aikata da hanyar shigar iska. Kowane baligi ya sami wuri mai faɗin ƙafa 12 murabba'i a ɗakin ƙasa, da sararin da ya kai ƙafa 72 in an haɗa da tsayi, wato kamar ka ce tsawo ƙafa 6, faɗi ƙafa 2, rufi ƙafa 6 daga ƙasa. Yara biyu 'yan shekara 1 zuwa 12 ana lissafa su baligi ɗaya. A saman jirgi a bar wa kowa ƙafa 5 na shan iska. Abinci a kullum: shinkafa laba ɗaya da rabi, naman gishiri ko kifi rabin laba, ganyen da aka adana da gishiri rabin laba, ruwa wajen lita uku da rabi, ɗan ganyen shayi, da itacen girki laba 2. A ɗauki magunguna, da likita, da tafinta. Gwamna ne ke ƙayyade kwanakin kowace tafiya don a lissafa guzuri a kai. Zuwa tsibiran Karebiyan, misali, an sa kwana 147 a wani lokacin shekara, 168 a wani, gwargwadon yadda iskar teku ke kaɗawa.

Ina so ka ɗan dakata a kan ƙafa 2 ɗin nan. Ka auna a tabarmarka, ka tuna cewa wata biyar za a yi a haka, a ratsa zafin tsakiyar duniya sau biyu, a zagaya ta kudancin Afirka cikin sanyi. Wannan shi ne mafi ƙarancin da doka ta yarda da shi, kuma mai jirgi ba ya ƙara komai a kan mafi ƙaranci. A sanannen zanen jirgin bayi Brookes, da 'yan yaƙi da bauta suka yaɗa bayan dokar 1788 da ta ƙayyade yawan bayi gwargwadon girman jirgi, namiji yana da tsawon ƙafa 6 da faɗin inci 16. Bambancin faɗin inci 8 ne. Ba na raina inci 8 da tsayin rufi da likita, rayuka da yawa sun tsira a kansu. Amma tunanin iri ɗaya ne: a auna mutum kamar kaya, a rage asarar hanya.

Sai sharaɗi na ƙarshe, wanda shi ne ya kamata ya raba wannan harka da bauta. Kafin a ba da takarda, jami'in zai tara fasinjoji ya tabbatar sun san inda za su, sun kuma fahimci kwantiragin da suka shiga. A takarda abin ya yi kyau. A aikace, a Hong Kong shugaban tashar jiragen ruwa ne aka ɗora wa wannan aiki a kan nasa. Bature ɗaya, ba ya jin harshen mutanen, yana tsaye gaban ɗari uku ko huɗu, yana tambaya ta bakin tafinta. Su kuma mutanen ba harshe ɗaya suke yi ba, akwai mai Kantonanci, akwai Hakka, akwai ɗan Fujiyan da ɗan yankin Swatow. Yawancinsu ba su iya karatu ba, ba su taɓa jin sunan Kyuba ba. Sun yi makonni a tsare, an ce musu duk wanda ya ce bai yarda ba zai biya kuɗin abincin da ya ci da na dillali, ko ya sha duka. Wanne ne cikinsu zai ɗaga hannu? Ƙafa 12 ana auna ta da igiya. Yarda ba ta aunuwa haka, kuma ba a taɓa ba jami'in nan kayan aikin da zai gano ta ba.

Gwajin farko ma bai yi kyau ba. A 1856, shekarar da dokar ta fara aiki, jiragen Ingila biyu, John Calvin da Duke of Portland, suka tashi daga Hong Kong zuwa Habana, kowanne da mutum wajen 300, kuma kowanne ya rasa fiye da 100 kafin a gama sauke su. Na John Calvin ya fi ban takaici, domin jami'in ya amince da mutum 81 kaɗai a matsayin masu tafiya da son rai, amma jirgin ya tafi da sauran duka. Da aka je kotu kan lamunin, an ci tara, daga baya aka sassauta ta ƙwarai. Maganar ta kai majalisa a Landan, aka fara toshe ɓaraka: a 1857 aka wajabta wa dillalan tikiti lasisi a Hong Kong, a 1859 aka wajabta keɓe wurin jinya a cikin jirgi da duba lafiyar fasinja kafin tashi.

Ɓarakar da ba ta toshuwa ita ce ta tuta. Jirgin Amurka ko na Faransa ko na Sifaniya ko na Peru da ya yi lodi a wata tashar da ba Hong Kong ba, dokar Ingila ba ta san da shi ba. A watan Oktoban 1855, wata biyu bayan an zartar da dokar, ma'aikatan jirgin Amurka Waverly suka rufe ƙofofin ɗakin ƙasa a kan fasinjoji a tashar Manila bayan wata hatsaniya, da aka buɗe aka tarar da gawa fiye da 250. A 1859 wani jirgin Amurka, Flora Temple, ya daki dutse a Tekun Kudancin Sin, ma'aikata suka tsere a ƙananan kwale-kwale, suka bar mutum 850 a ciki. Amurka ta hana 'yan ƙasarta da jiragenta wannan sana'a da dokar da Abraham Lincoln ya sa wa hannu a Fabrairun 1862. Abin da ya biyo baya shi ne abin da ya biyo bayan dokar Ingila: aka sayar da jirage, aka canza musu suna da tuta, aka ci gaba.

Cibiyar kasuwar kuma ta koma Makau, da ke hannun Fotugal, tafiyar 'yan sa'o'i daga Hong Kong. Kada ka ɗauka Makau ba ta da doka. Tana da ita, har ta fi ta Hong Kong yawan sharuɗɗa a wasu wurare: rajistar rumbuna, karanta wa lebura kwantiragi a gaban jami'i, ba shi kwanaki ya yi tunani, da ofishi na musamman da aka kafa a 1860. Amma garin da tattalin arzikinsa ya dogara da sana'a ba ya matsa mata. Waɗanda aka kai Kyuba sun ba da shaidar cewa akan koya musu amsar da za su bayar, wani lokaci ma wasu ake turawa su amsa tambayoyin da sunansu. Hong Kong kuwa, da ke nuna hannunta a wanke yake, ita ce ke gyara jiragen, ta sayar musu da shinkafa da ruwa da katako, a nan ake ƙera shingayen ƙarfe da ake rufe ƙofofi da su. Jirgi ya shirya tsaf a tashar Ingila, ya tsallaka fanko zuwa Makau, ya yi lodi, bai karya doka ko ɗaya ba.

Adadin ya nuna sakamako. Tsakanin 1847 da 1874 mutum wajen 140,000 aka ɗauka zuwa Kyuba, kimanin 125,000 suka isa. Peru ta karɓi kusan 100,000. Mafi yawansu bayan 1855 aka kwashe su.

An yi wani yunƙuri a tsakiya da ya cancanci a ambata. Lokacin da sojojin Ingila da Faransa ke riƙe da Kanton, a 1859, aka buɗe gidajen ɗaukar leburori ƙarƙashin sa idon jami'an Sin da na Turawa tare, ba tare da biyan dillali a kan kai ba, ana kuma ƙarfafa a tafi da iyali. Ta wannan hanya aka kai mutane Giyana, har da mata, mutuwar hanya kuma ta ragu. Yarjejeniyar Bejin ta 1860 ta halatta wa Sinawa fita aiki. A 1866 Yarima Gong na daular Qing ya cimma ƙa'idoji da wakilan Ingila da Faransa: kwantiragi kada ya wuce shekara 5, kuma a biya wa lebura kuɗin komawa gida. Landan da Faris suka ƙi amincewa, domin masu gonaki sun ce kuɗin komawa ya yi musu yawa. In kana neman shaida guda da za ka auna tausayin da ita, ga ta nan. Da kare lebura ya zo da tsada, baya aka ja.

Abin da ya kashe kasuwar ba doka ɗaya ba ce, ƙofofi ne suka rufe a jere cikin shekara huɗu. Daga 1870 Hong Kong ta daina barin leburorin kwantiragi su tashi daga tasharta sai zuwa yankunan mulkin Ingila. A ƙarshen wannan shekara mutanen da ke cikin jirgin Faransa Nouvelle Pénélope suka yi bore suka kashe kyaftin. Ɗaya daga cikinsu, Kwok A-sing, aka kama shi a Hong Kong, babban alƙalin garin John Smale ya sake shi a 1871, yana mai cewa jirgin na bayi ne, kuma wanda aka sace yana da haƙƙin ƙwatar kansa. Kotun ɗaukaka ƙara ta Landan ba ta bi Smale a kan wannan fahimta ba a 1873, amma maganar ta riga ta zagaya duniya. A watan Mayun 1871 jirgin Don Juan, wanda a da sunansa Dolores Ugarte, ya kama wuta kwana biyu da barin Makau, fiye da mutum 500 suka ƙone a kulle. A 1872 jirgin Peru María Luz ya shiga Yokohama gyara, wani ya faɗa ruwa ya yi iyo zuwa jirgin yaƙin Ingila, hukumar Japan ta binciki lamarin ta saki mutanen su wajen 230. Peru ta yi ƙorafi, aka kai wa sarkin Rasha Alekzanda na Biyu ya raba gardama, ya ba Japan gaskiya a 1875. A 1873 Hong Kong ta haramta shirya jiragen wannan sana'a a tasharta da kuma kafa musu shingaye, abin da ya kamata ta yi tun shekara 17 baya. Hukumomin Kanton suka tsananta kama dillalai. Fotugal ta ga an bar ta ita kaɗai, ta sanar da rufewa a Disamban 1873, kasuwar Makau ta tsaya a watan Maris 1874.

A wannan shekara daular Qing ta aika Chen Lanbin Kyuba da tawagar bincike. Suka shiga gonaki da gidajen yari da asibitoci, suka ɗauki bayanin mutum 1,176, ban da takardun koke masu ɗauke da sa hannu fiye da 1,600. Takwas cikin goma suka ce sace su aka yi ko yaudararsu. Wannan rahoto shi ne wurin da muryar mutanen da kansu ta fi fitowa, kuma ina ba duk ɗalibin wannan fanni shawarar ya fara da shi kafin ya karanta dokokin Turawa. Sin ta ƙulla yarjejeniya da Peru a 1874, da Sifaniya a 1877.

To ina dokar 1855 ta yi amfani? A wurin rukuni na biyu da na ce ka ware. Mai zuwa Kalifoniya ko Ostiraliya da kuɗinsa ba ya buƙatar a tambaye shi ko ya yarda, abin da yake buƙata shi ne kada a cusa shi a ruɓaɓɓen jirgi ba ruwa ba iska, kuma wannan shi ne abin da dokar ta iya. Sinawa suka san cewa jirgin da ya tashi daga Hong Kong ya fi aminci, garin ya zama babbar ƙofar fita da dawowa, da ta aika kuɗi gida, har da maido da ƙasusuwan waɗanda suka mutu a ƙetare. Jiragen tururi sun taimaka ƙwarai, domin daga 1867 an sami layi na kai da kawowa tsakanin San Faransisko da Hong Kong, tafiya ta gajarta, cuta ta rage samun lokacin yaɗuwa. Gano mutanen sata kuma bai inganta ba sai da aka sa Sinawa a ciki: shugabannin asibitin Tung Wah, da aka kafa a 1870, da ƙungiyar Po Leung Kuk mai kare mata da yara daga masu satar mutane, daga 1878, waɗanda suka san harshe, suka san fuskar dillalai, suka san yadda ake gane yarinyar da aka koya wa amsa. A Singafo ma sai 1877 aka naɗa William Pickering, Bature mai jin harsunan kudancin Sin, ya riƙa duba sababbin zuwa da takardunsu.

Akwai wasu dokokin jirage na mulkin mallaka da za ka ci karo da su, masu kama da wannan a fuska, ka yi hankali da su. A wannan shekarar ta 1855 yankin Biktoriya na Ostiraliya ya kafa tasa: jirgi kada ya kawo fiye da Basine ɗaya a kan kowane tan 10 na girmansa, kuma a biya fam 10 a kan kowane kai. Wanda bai sani ba sai ya ce dokar hana cunkoso ce. Ba ita ba ce, domin Sinawa kaɗai ta shafa, kuma manufarta a hana su isa filayen zinariya. Masu jirage suka yi abin da takwarorinsu suka yi da Makau, suka riƙa sauke fasinja a ƙaramin garin Robe na Ostiraliya ta Kudu, inda dokar ba ta kai ba. Fiye da mutum 15,000 suka sauka can, yawancinsu a 1857, suka taka tafiyar da ta kai kilomita 400 da kayansu a kafaɗa. Daga nan sauran yankuna suka kwaikwayi Biktoriya, awon kuma ya yi ta tsananta. Niyu Zilan ta fara da mutum ɗaya a kan tan 10 da harajin fam 10 a 1881, ta mayar da shi ɗaya a kan tan 200 da fam 100 a 1896. Kanada ta sa dala 50 da mutum ɗaya a kan tan 50 a 1885. Dalilin da ya sa suka bi ta kan jirgi maimakon su ce kai tsaye ba sa son Sinawa shi ne Landan tana da yarjejeniyoyi da Bejin, ba ta son dokar da za ta fito fili haka, amma lissafin tan yana wucewa a matsayin harkar sufuri.

A 1888 jirgi mai suna Afghan ya iso Melbon daga Hong Kong da Sinawa fiye da 250, aka hana su sauka. Ya wuce Sidni, can ma gwamnati ta hana, har sai da kotu ta ba da umarnin a saki waɗanda ke da takardun zama. Sauran aka mayar da su inda suka fito. A watan Yunin shekarar wakilan yankunan Ostiraliya suka zauna a Sidni, suka amince a kan Basine ɗaya ga kowane tan 500.